Lafiya Uwar Jiki: Hannun Maigida Ya Shanye, A Kai Shi Gida Ko A Tsaya A Yi Gashi?

   

A makon jiya wata baiwar Allah ta rubuto mini daga Kumasi. Maigidanta ɗan kasuwar goro ne, shekararsa 58. Mako biyar ke nan, ya tashi da asuba zai yi alwala, sai buta ta suɓuce masa, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Aka kai shi asibiti, likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma hawan jini ne ya jawo ta. Yanzu alhamdulillahi yana takawa da sanda, magana tana dawowa, amma hannun dama yana nan a naɗe a ƙirji, babban yatsa da manuniya kaɗai ke ɗan motsi. Ana kai shi wurin gashi sau biyu a mako, kuɗin mota da na gani suna cin jari. Dangi sun zauna sun yanke cewa a mayar da shi ƙauyensu, wai akwai mai magani a can da ya san kan irin wannan. Tambayarta biyu ce: shin hannun nan zai dawo? Kuma a tafi ne ko a zauna?

'Yar uwa, sannu da jinya, Allah ya ba maigida lafiya. Zan amsa miki a nan domin na san gidaje da yawa a zangunanmu suna cikin irin wannan hali.

Ciwon ba a hannu yake ba

Abin da za ki fara riƙewa shi ne, hannun maigida lafiyarsa ƙalau. Ƙashi bai karye ba, nama bai mutu ba. Matsalar tana cikin ƙwaƙwalwa. Wata jijiyar jini ce ta toshe, ko kuwa ta fashe, sai wani yanki na ƙwaƙwalwa ya rasa jini ya lalace. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin dama na jiki, kuma a wurin yawancin mutane nan ne cibiyar magana take. Shi ya sa kika ga hannun dama da harshe sun tafi tare. Hannu yana jiran umarni daga sama, umarnin ne ba ya isowa.

Daga nan za ki gane dalilin da ya sa tsaga da ƙaho da ɗori ba sa dawo da irin wannan hannu. Duk a kan fata da ƙashi suke aiki, inda ba nan ciwon yake ba. Addu'a kam a yi ta, dare da rana, ba ta hana gashi, gashi ma ba ya hana ta.

Abin farin ciki shi ne Allah ya yi ƙwaƙwalwa da wata baiwa: sassan da suka tsira suna iya koyon aikin wanda ya lalace. Ku da kuke bin hanya kun san yadda ake yi in gada ta karye. Motoci sukan ratse ta daji, yau ɗaya gobe goma, har wurin ya zama hanya. In ba mai bi, ciyawa ta rufe. Haka ƙwaƙwalwa take. Duk lokacin da maigida ya yi ƙoƙarin buɗe yatsunsa, mota ɗaya ce ta bi sabuwar hanyar. Aikin likitan gashi, wanda mutanen Ghana da Najeriya ke kira fisiyo, na ƙasashen Faransanci kuma ke kira kine, shi ne ya nuna inda za a ratse da yadda za a bi. Amma bin hanyar sai mai jiki da kansa.

Zai dawo? Gaskiya ba kowane hannu ke komawa yadda yake da ba, kuma ƙafa takan riga hannu farfaɗowa. Sai dai abin da kika faɗa na motsin yatsu alama ce mai kyau ƙwarai. Masana sun lura cewa wanda ya fara iya miƙe yatsa da ɗaga kafaɗa tun da wuri ya fi samun damar dawo da amfanin hannunsa. Kada ki raina wannan ɗan motsi, a kansa za a gina komai.

A tafi ko a zauna?

Ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon sabuwar hanya a watanni 3 na farko bayan ciwon, saurin ya riƙa raguwa zuwa wata 6. Bayan nan ma ana samun ci gaba in an dage, har bayan shekara, amma da wahala da jinkiri. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Maigida ya ci mako biyar, wato yanzu yake tsakiyar lokacin da ya fi kowane tsada. In aka ɗauke shi aka yi kwanaki a mota, aka kai shi inda ba mai gashi, ba mai auna jini, aka shimfiɗa masa tabarma kowa na yi masa hidima, to watannin nan za su wuce hannu na naɗe, kuma ba a sayo su da kuɗi.

Shawarata, a zauna inda ake gashin har a cika aƙalla wata uku. In kuwa zaman ya gagara saboda haya da abinci, ban ce lallai ba, amma a sauka a birni inda akwai sashen gashi, kamar Kano ko Zariya ko Sakkwato, ko Maraɗi ko Damagaram, kafin a wuce ƙauye. A karɓi takarda daga likitan da ya duba shi. A sa ya rubuta ainihin sunan kowane magani da ƙarfinsa, domin sunan da ke jikin kwali a Kumasi ba lallai shi za a tarar a Kano ko Yamai ba. Kuma a tafi da maganin da zai kai wata guda, kada ya yanke a hanya.

Ki faɗa wa dangi wannan cikin ladabi, ko ki nemi wani babba a zango ya faɗa musu. Ba ƙin gida ake yi ba. So ake ya koma gida da hannun da zai gaisa da mutane.

Sau biyu a mako ba ya isa

Ko da kuna da kuɗin zuwa kullum, abin da ake yi a asibiti kaɗan ne. A shekarar 2009 wata mai bincike a Amurka, Catherine Lang, da abokan aikinta sun zauna suna ƙirga motsin da marasa lafiya ke yi a ɗakunan gashi. Suka tarar a zama ɗaya hannu yana yin aiki wajen sau 32 ne kacal, alhali gwajin da aka yi da dabbobi ya nuna ana bukatar ɗaruruwa a rana kafin ƙwaƙwalwa ta sauya. A sashen fisiyo na Jami'ar Bayero ta Kano ma an yi nazari a kan ƙirga yawan maimaici, kamar sau 300 a rana, maimakon ƙirga awanni. Wannan ya fi dacewa da mu, don ba kowa ke da agogo a gaba ba, amma kowa na da carbi.

Ga lissafin. Bayan kowace salla a zauna a yi aikin hannu, ke ko yaro na ja masa carbi mai 33 sau biyu. Sau 66 ke nan. Salla biyar, 330 a rana. Ba a biya ko sisi ba. Zuwa asibiti kuma ya zama na gyara: fisiyo ya duba, ya ce wannan ya yi sauƙi a ƙara, wancan ana yin sa a karkace a gyara. Duk ranar zuwa ki roƙe shi ya nuna miki da hannunki, in ya yarda ki ɗauka a waya.

Wane aiki za a yi? Ya danganta da inda hannun ya kai.

In hannu bai fara motsi ba sam

A nan aikin masu jinya ne su tsare hannun kada ya lalace kafin ƙarfi ya dawo. Kafaɗa ce abin tsoro. Naman da ke riƙe ta ya saki, nauyin hannu kaɗai na iya zame ta daga gurbinta. Kada a taɓa jan mara lafiya ta hannun da ya shanye don a tayar da shi, kada a ɗaga shi ta hammata. Kada a ɗaga hannun sama da kafaɗa sai yadda fisiyo ya nuna, kuma a guji igiyar nan da ake ratayawa a ƙofa ana jan hannu sama da ita. Ciwon kafaɗa in ya kama, yakan tsayar da gashi na makonni.

In yana zaune, a ɗora hannun a kan filo ko tebur, kada ya yi ta reto, don reto na kawo kumburi. Sau biyu ko uku a rana a tallafi gwiwar hannu, a miƙe ta a hankali, a juya tafi sama da ƙasa, a buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya har da babban yatsa, a ɗan riƙe kafin a saki. In ya ce da zafi, a tsaya. Wajen sa riga, hannun ciwo ke fara shiga, wajen cirewa shi ne na ƙarshe. A riƙa wanke tafin da tsakanin yatsu a shanya, a yanke farce, domin hannun da ke dunƙule yakan yi gumi ya yi gyambo.

A wannan mataki madubi yana taimakawa. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan asalin Indiya da ke aiki a Amurka, Ramachandran, shi ya fara amfani da madubi ga waɗanda aka yanke wa hannu, a 1999 kuma shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwada shi ga masu shanyewar jiki. A tsayar da madubi a kan tebur daidai tsakiyar ƙirji, hannun ciwo a bayansa a ɓoye, mai lafiya a gabansa. Sai ya riƙa buɗe mai lafiyar yana rufewa, yana juya shi, idonsa a kan hoton cikin madubi. Ido zai nuna wa ƙwaƙwalwa kamar hannun ciwon ne ke motsi, wannan kuwa yana zaburar da sashen da ke kula da shi. Minti 15 zuwa 30 a rana, kwana biyar a mako, na wata guda, a ɗaki marar hayaniya. A cire agogo da zobe don kada hoton ya tona kansa.

In yatsu sun fara motsi, kamar na maigida

Yanzu aiki ya koma wuyan mai jiki. Ƙa'idar ita ce a yi aikin gaske, irin wanda hannun ya saba, a fara da babba a gangaro zuwa ƙarami. Makon farko ya tura tsumma a kan tebur gaba da baya kamar mai goge ƙura. Daga nan ya kama kofin roba ya saki. Sai gwangwanin madara. Sai goro, daga wannan faranti zuwa wancan. In goro ya yi sauƙi a koma dabino, sai gyaɗa, sai wake. Daga baya a shiga buɗe murfin gora, jan zif ɗin jaka, ninke atamfa, danna lambar waya, ɗaukar kwabbai daga tebur, ƙirga takardun kuɗi. Ɗan kasuwa in ya ga hannunsa ya ƙirga kuɗi, ko sau ɗaya ne, ba sai an roƙe shi ya yi na gobe ba.

A lura da abu biyu. Na ɗaya, saki ya fi kamu wuya. Hannun da ya shanye da kansa yake dunƙulewa, buɗewar ce ke gagara. Shi ya sa ba na son a miƙa wa mara lafiya ƙwallo a ce ya yi ta matsawa daga safe har dare, shi ke nan gashin. Duk kamu ɗaya a bi shi da buɗe yatsu sosai. Na biyu, a duba kada ya riƙa ɗaga kafaɗa zuwa kunne ko ya karkata da jiki duka don ya kai hannu. In ya fara haka, aikin ya yi masa nauyi ko ya gaji. A matso da farantin, ko a huta.

In wuyan hannu ya ƙi ɗaguwa, a tambayi fisiyo game da na'urar da ake liƙawa a damtse tana motsa naman da ke buɗe yatsu da 'yar wutar lantarki. Tana da amfani in ana haɗa ta da aiki, amma shi zai saita ta. In kuma hannun ya sandare har ba a iya buɗe shi a wanke, akwai allurar da likita ke yi a naman don ya saki na wajen wata uku, a samu damar yin gashi.

Ɗaure mai lafiya

Akwai wani tarko da kusan kowa ke faɗawa. Mutum ya gwada hannun ciwo ya kasa, ya gwada ya kasa, sai ya koma yi da ɗayan. Bayan wata biyu ƙarfi ya ɗan dawo, amma ya riga ya saba, hannun na nan rataye ba a tuna da shi. Wani masani a Jami'ar Alabama ta Amurka, Edward Taub, shi ya bayyana wannan, ya kuma fito da maganinsa: a sa wa hannu mai lafiya safa mai kauri don dole a yi da na ciwo. A 2006 aka buga sakamakon wani babban gwaji a Amurka a kan mutum 222 da suka yi wata 3 zuwa 9 da ciwon. Waɗanda aka sa wa safar kusan duk yini na mako biyu, tare da aikin hannu har awa shida a rana, sun fi sauran samun amfanin hannu, kuma bayan shekara ribar tana nan.

Wannan ba na kowa ba ne. Sai wanda ya riga ya iya ɗan ɗaga wuyan hannu da miƙe babban yatsa da wasu yatsu biyu. A gida ba sai an yi awa shida ba. Da izinin fisiyo, a sa safar awa biyu ko uku yana zaune, ana aikin da na lissafa. A cire in zai tashi tafiya, ko shiga bayi, ko hawa bene, don wanda ke dogara sanda yana bukatar hannunsa mai lafiya in ya yi tuntuɓe.

Ke ma, 'yar uwa, akwai safar da za ki sa wa naki hannun. Tausayi kan sa mu yi wa mara lafiya komai: a ba shi a baki, a ɓalle masa maɓalli, a riƙe masa waya. In zai ɗauki minti goma kafin ya kai loma baki, bar shi ya ɗauka, ki shimfiɗa tawul a cinya. Wuya ce gani, na sani.

Ruwan zafi da kunya

Kalmar gashi tana ruɗar mutane, su ɗauka ruwan zafi ake nufi. Sau da yawa hannun da ya shanye ba ya jin zafi yadda ya kamata. Na ga hannun da aka gasa da tawul har ya sale, mai shi bai ce uffan ba don bai ji ba. Kada a gasa da ruwan zafi ko garwashi, kada a shafa man da ke ƙuna. Ruwan alwala ma a fara taɓa shi da hannu mai lafiya.

Sai maganar dama da hagu. A wurinmu da dama ake ci, da ita ake gaisawa, da ita ake miƙa kuɗi. Dattijo da yawa sun daina fita masallaci da kasuwa don kunyar miƙa hagu. A tambayi malamin unguwa, zai yi bayanin rangwamen da addini ya yi wa mai lalura a ci da alwala da salla. Abokan kasuwa kuma, in kun zo dubiya ku miƙa masa hannu ku jira, ko yatsa biyu ya ɗora muku gaisuwa ce, gashi ne kuma. In ya fara iya zama, a riƙa kai shi rumfa ko na awa ɗaya. Wajen mutum ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo kan shiga baƙin ciki mai tsanani. In kin ga ya daina ci, ba barci, yana cewa shi ya gama amfani, ki faɗa wa likita, yana da magani, kuma mai baƙin ciki ba ya gashi.

Kada a manta da tushe

Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Ghana da Najeriya, ciki har da na Kumasi da Akara da Kano da Ibadan, aka buga a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo a yankinmu. Wanda ya taɓa yi kuma yana cikin haɗarin sake yi. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi. A rage gishiri da dunƙulen miya, a yawaita ganye, a bar taba. A sayi na'urar auna jini ta gida in da hali, ko 'yan ƙungiyar kasuwa su haɗa kuɗi su ajiye ɗaya a rumfar shugaba. In baki ya sake karkacewa, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko da ya warware bayan minti kaɗan, asibiti nan take. Maganin narkar da gudan jini, inda ake da shi, cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi.

'Yar uwa, ki samo littafi ki riƙa rubuta abin da hannun ya yi kowace Juma'a: goro nawa ya kwashe cikin minti ɗaya, ya kai kofi baki ko bai kai ba. Mai jinya ba ta ganin sauyi don kullum tana tare da shi, amma littafi zai nuna, kuma shi za ki buɗe wa dangi in sun sake tayar da maganar tafiya. Ki rubuto mini bayan wata guda in ji inda aka kwana.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda matafiyi mai hawan jini ko ciwon suga zai tsara maganinsa in zai yi doguwar hanya. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.